Taura Biyu ko Gida Biyu? Ra'ayina kan Masu Riƙe da Ƙasa Biyu

Makonni uku da suka wuce na je zaman makoki a Tudun Wadan Zariya, gidan wani dattijo da muka daɗe muna sallah a sahu ɗaya. Babban ɗansa likita ne a Ingila, ya fi shekara goma a can, kuma bai samu jana'iza ba, sai ranar sadakar uku ya iso. Yana zaune a kan tabarma a zaure yana amsa gaisuwa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, sai wani ƙanensa ya ambata cewa ranar Lahadi zai koma, kuma ba shi da wahalar biza tunda yanzu fasfonsa biyu. Da muka fito muna laluben takalmanmu a bakin ƙofa, wani maƙwabcinmu da nake kira Kawu saboda shekarunsa ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam, ka ji ko? Yaron nan ya sayar da ƙasarsa. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Na ce, "Kawu, wanda ya ajiye aikinsa ya hawo jirgi don ya zauna a tabarmar mahaifinsa, shi ne ya bar gida?" Ya girgiza kai bai amsa ba, ni ma ban ja maganar ba, domin wurin ba na gardama ba ne. Amma ta tsaya mini a rai, musamman da na tuna cewa shi wannan Kawun ne, watanni kaɗan kafin nan, ya ce ɗan mai shayin bakin layinmu ba ɗan ƙasa ba ne, alhali a Zariya aka haife shi, a nan aka binne cibiyarsa, mahaifiyarsa kuma Bazazzagiya ce gaba da baya. Abin da kawai aka riƙe masa shi ne mahaifinsa mutumin Maraɗi ne.

Matsayina a wannan magana shi ne a bar mutum ya riƙe ƙasa biyu, ko ɗanmu ne da ya fita, ko baƙo ne da ya shigo ya zauna, kuma a auna su da mudu ɗaya. Inda kawai nake ganin ya wajaba a hana shi ne ga wanda zai hau manyan kujerun mulki da tsaro da baitulmali.

Abin da doka ta tanada

Babi na uku na kundin tsarin mulkin 1999 ya kasa 'yan ƙasa kashi uku: na haihuwa, na rajista, da wanda ya nema aka ba shi bayan ya daɗe da zama. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai, in dai mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne na haihuwa, wanda aka haifa a waje kuwa ya isa a ce ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne. Sashe na 28 bai hana ɗan ƙasa na haihuwa karɓar wata ƙasa ba, kuma baƙon da aka ba shi zama ɗan Najeriya yana iya riƙe ƙasar haihuwarsa. Kundin 1979 ya fi wannan tsauri, domin a ƙarƙashinsa karɓar wata ƙasa na nufin rasa ta gida.

Ke nan a gaban doka likitan bai yi laifi ba, ɗan mai shayi kuma ɗan ƙasa ne kamar ni da Kawu. Sai dai gardamar ba ta ƙare a takarda ba, domin mutane da yawa suna ganin dokar ce ta yi sako-sako, kuma dalilansu sun cancanci a amsa su da natsuwa.

Wai biyayya ba ta rabuwa biyu

Wannan ita ce hujja ta farko, kuma ita ta fi shiga zuciya. Amma duk gidan da aka taɓa aurar da 'ya ya san amsarta. Mace takan bar gidan mahaifinta ta tare a gidan miji, ta haihu a can, ta tsufa a can, amma ranar da aka yi rasuwa a gidansu ita ce a gaba wajen karɓar gaisuwa, kuma gadonta yana nan ba wanda ya isa ya taɓa. Ba a taɓa ce mata ta zaɓi ɗaya ta yar da ɗaya ba, kuma ba a taɓa ganin riƙe gida biyun ya rage mata amana a ɗayansu ba.

Mu Hausawa ma mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan, domin tarihinmu na fatauci ne da ci-rani da tafiya Makka a ƙasa. Akwai zangon Kumasi da na Akara, inda jikokin fataken goro suke magana da Hausa har yau suna kuma jefa ƙuri'a a matsayin 'yan Gana. Akwai garin Mai Wurno a gaɓar kogin Nilu a Sudan, wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya suka kafa tare da ɗansa Muhammadu Bello bayan yaƙin Burmi na 1903. A nan gida kuwa, gidajen sarautar Zazzau huɗu ne, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma uku daga cikin sunayen nan suna faɗin inda kakanni suka fito, wato Malle da Barno da Katsina. Shekara fiye da ɗari biyu ke nan ana kiransu da waɗannan sunaye, ba wanda ya ce Zazzaganci ya ragu a jikinsu.

Akwai kuma wani abu da masu wannan hujja ba sa lura da shi. Mutumin da ke zaune a Ingila da takardar izinin zama na dindindin kawai, in ya yi shekara biyu a jere a wajen ƙasar, izinin nan ya faɗi. Mai irin wannan izini na Amurka shi ma in ya daɗe a waje, ana iya ɗauka ya yi watsi da shi. Saboda haka wanda ba shi da fasfon can shi ne ɗaurarre, shi ne yake zuwa hutun mako uku yana duban kalanda, shi ne ba zai iya zama jinyar mahaifiyarsa ba in jinyar ta yi tsawo. Wanda ya karɓi fasfon kuwa yana iya dawowa ya yi shekara uku yana koyarwa a jami'a a Samaru ko yana duba marasa lafiya a asibitin koyarwa na Shika, hankalinsa kwance, don ya san ƙofar can ba za ta rufe a bayansa ba. Sau da yawa fasfo na biyu shi ne yake kwance wa mutum ƙafa ya dawo gida.

Ba zan ɓoye ba, akwai wurin da hujjar take da nauyi. Rantsuwar zama ɗan Amurka tana ɗauke da kalmomin yin watsi da biyayya ga kowace ƙasa, ko da yake a aikace gwamnatin Amurka ba ta tilasta wa mutum ya miƙa tsohon fasfonsa. Ga Musulmin da ya san girman rantsuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina girmama wanda ya tsaya ya tambayi malamai kafin ya ɗaga hannu, ina kuma girmama wanda ya ce shi ba zai iya ba. Amma wannan hukunci ne tsakanin mutum da Ubangijinsa. Bai zama dalilin da gwamnati za ta ƙwace masa ƙasar da ya gada daga iyayensa ba.

Wai riƙe ƙasa biyu ke sa ƙwararru gudu

Duk wanda ya zauna a Zariya a shekarar 2022 ya ga yadda Samaru ta koma lokacin da malaman jami'a suka yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Shaguna sun rufe, masu ɗakunan haya sun rasa 'yan haya, malamai sun yi watanni ba albashi. Wanda ya tattara takardunsa ya tafi a wannan lokaci bai tafi don kwaɗayin fasfo ba, domin fasfon ma sai ya yi shekaru yana aiki yana biyan haraji kafin a ba shi. Albashi ne ya kore shi, da rashin kayan aiki, da tsoron hanyar Kaduna zuwa Abuja.

In aka hana riƙe ƙasa biyu, ba za a rage masu tafiya ko da mutum ɗaya ba. Abin da za a yi kawai shi ne a tilasta wa waɗanda suka riga suka tafi su zaɓa, kuma mutumin da aikinsa da makarantar 'ya'yansa da kuɗin fanshonsa suke can, mun san abin da zai zaɓa ko yana kuka. Daga ranar sai ya nemi biza kafin ya zo gaida mahaifiyarsa, 'ya'yansa kuma sun tashi daga lissafinmu. Bankin Duniya ya ƙiyasta kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje suke aikowa gida a kusan dala biliyan 20 a shekara a 'yan shekarun nan, kuma wannan kuɗi ba ya bi ta hannun ɗan kwangila, kai tsaye yake zuwa kuɗin makaranta da magani da buhun masara. Wace hikima ce za ta sa mu yanke igiyar da ke ɗaure waɗannan mutane da gida?

Ƙasashe da dama sun gwada hanawa sun dawo daga rakiyarta. Kenya ta halatta a kundinta na 2010, Gana ta riga ta, Jamus kuma, wadda ta daɗe tana tsaurarawa, ta buɗe ƙofa a watan Yunin 2024. Indiya, da har yanzu ba ta yarda ba, sai da ta ƙirƙiro wani kati na musamman da ke ba 'ya'yanta na waje damar shiga da zama da aiki ba tare da biza ta yau da gobe ba. Mu kanmu mun yi ta murna lokacin da Ademola Lookman, haifaffen Landan wanda ya ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 da Ingila a 2017, ya zaɓi buga wa Najeriya har ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 2024. A gidajen kallo na Sabon Gari ban ji wanda ya tambayi fasfonsa nawa ba.

Inda Kawu yake da gaskiya

Hausawa suka ce gida biyu maganin gobara. Ga talaka da ɗan kasuwa da likita wannan hikima ce, amma ga wanda aka damƙa wa amanar gari ita ce ainihin matsalar, domin mai wani gidan ba zai kashe gobara da irin himmar wanda ya san in wannan ya ƙone a titi zai kwana ba. Shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamnoni, ministoci, shugabannin sojoji da 'yan sanda da hukumomin leƙen asiri, da gwamnan Babban Banki, waɗannan ya kamata makomarsu ta zama ɗaure da makomar ƙasar da suke mulka, ta yadda in sun ɓata, a nan za su zauna su sha abin da suka dama.

Kundinmu bai fito fili a nan ba. Sashe na 131 ya ce shugaban ƙasa sai ɗan ƙasa na haihuwa, sashe na 137 da 'yan uwansa kuma sun ambaci hana wanda ya karɓi wata ƙasa da kansa tsayawa takara, amma sun jingina wannan da sashe na 28, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta fassara cewa hanin bai shafi ɗan ƙasa na haihuwa ba. Shi ya sa kusan kowane zaɓe sai an tayar da maganar, a yi ta hayaniya, a ƙare ba a warware komai ba. Ina ganin a gyara wurin a rubuta shi ɓaro-ɓaro: wanda zai hau waɗannan kujeru ya ajiye ɗayar ƙasar kafin rantsuwa, ya kuma nuna shaida. Gana tana da jerin muƙaman da mai ƙasa biyu ba ya riƙewa, a Ostireliya kuma har mataimakin firayim minista ya rasa kujerarsa ta majalisa a 2017 saboda wannan ƙa'ida.

Za a ce ai masu fasfo ɗaya ma sun saci kuɗi sun gudu. Haka ne, amma wanda ya gudu zuwa ƙasar da take ɗaukarsa ɗanta ya fi wuyar dawowa da shi fiye da wanda ke zaune da biza mai ƙarewa. Abin da nake tsoro kawai shi ne kada a mayar da wannan ƙa'ida makamin siyasa, kamar yadda aka yi a Kwaddibuwa, inda aka hana Alassane Ouattara takara da sunan shakkar asalinsa har ƙasar ta faɗa yaƙi, ko a Zambiya, inda aka wayi gari ana ce wa Kenneth Kaunda, wanda ya mulki ƙasar shekara 27, ba ɗan ƙasa ba ne. Don haka ƙa'idar ta tsaya a kan fasfon da mutum yake riƙe da shi a yau, kada ta koma tonon inda kakansa ya fito.

Waɗanda suka shigo

Nan ne na fi son a tsaya, domin in ana wannan muhawara sai hankali ya tafi Landan da Amurka, a manta cewa masu ƙasa biyu suna Jibiya da Illela da Maigatari da Daura, suna kuma bakin layinmu suna dafa mana shayi. Iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, kuma Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta ba tare da sun tambayi kowa ba, ta ratsa dangi da gonaki da kasuwanni. Har yau sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, na Tsibiri kuma Sarkin Gobir. Yaron da mahaifinsa ɗan Maraɗi ne mahaifiyarsa 'yar Zariya bai nemi ƙasa biyu ba, da su aka haife shi.

Masu adawa sukan kawo maganar tsaro, su ce baƙi ne ke shigo da makamai. Ban musa cewa iyakokinmu a buɗe suke ba, amma ɗan bindigar da ke ratsa daji da dare ba ya bin layi a ofishin shige da fice yana neman takarda. Wanda yake neman takarda shi ne mai shago, mai iyali, mai son a san shi a san gidansa. Ba shi takardar na nufin an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, an san inda za a same shi. Hana shi kuwa na nufin a bar dubban mutane suna zaune cikinmu ba a rubuce ba, kuma ban ga ta inda wannan ya ƙara tsaro ba.

Ga kuma abin da tarihi ya nuna mana. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice daga Gana, Hausawa da Yarbawa da yawa, har da waɗanda a can aka haife su, suka baro dukiyarsu. A 1983 mu ma muka kori fiye da mutum miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Gana. A Janairun 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin jihar Barno, aka kai shi Chadi bisa zargin mahaifinsa ɗan can ne, sai da kotu ta tabbatar da cewa ɗan Najeriya ne kafin ya samu haƙƙinsa. A 2022 kuma, da rikici ya ɓarke a kudu maso gabashin Sudan aka kashe Hausawa ana ce musu baƙi bayan zaman fiye da shekara ɗari, duk mun ji zafin abin, an yi ta addu'a a masallatai. To, kalmar da ta ƙona mana rai a bakin wasu, bai kamata mu riƙa jifan ɗan maƙwabci da ita ba.

A takarda dokarmu ta bar baƙo ya riƙe ƙasar haihuwarsa, amma hanyar zuwa wurin doguwa ce. Sashe na 27 ya nemi zaman shekara 15, da shaidar gwamnan jiha cewa jama'ar wurin sun karɓe shi, sannan takardu su tafi Abuja su jira sa hannun shugaban ƙasa. Babban ɗan kasuwa mai lauya zai iya bin wannan hanya, amma mai gadi ko ɗan garuwa da ya shekara talatin a Tudun Jukun bai ma san da ita ba. Sashe na 26 kuma ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajista, bai ba mijin 'yar Najeriya irin wannan dama ba, kuma da aka kawo ƙudurin gyara wurin a watan Maris na 2022, Majalisar Tarayya ta yi watsi da shi. Mai shayin layinmu ya fi shekara ashirin da aurar Bazazzagiya, ya haifi 'ya'ya shida a nan, da kuɗinsa aka sayi wasu daga cikin tabarmin masallacinmu, amma hanyar rajistar da aka buɗe wa matar da aka auro jiya daga wata ƙasa, shi a rufe take gare shi.

Ɗan nasa ya gama sakandare bara, ya ci jarrabawar shiga jami'a, aka nemi ya kawo takardar shaidar asali, wadda aka fi sani da indijin. Ni na raka shi wani ofishi, domin mahaifinsa ya roƙe ni, yana ganin in ya je da kansa harshensa zai ɓata wa yaron lamari. Ma'aikacin ya duba fom ɗin ya ce, "Ina ne garin babanka?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce Maraɗi. Ya turo masa takardun ya ce ya je can a ba shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, mahaifiyarsa 'yar cikin Birni ce, ga takardar mai unguwarsu, kuma tsarin mulki ya ce ta wajen uwa ma ɗan ƙasa ne." Ya ce shi dai abin da ya sani ɗa na uba ne, kuma ba shi da umarnin yin wani abu daban.

Sai da kawun yaron, yayan mahaifiyarsa, ya yi zuwa huɗu yana ɗauke da shaidar dagaci da ta hakimi kafin a sa hannu, lokacin kuwa an riga an rufe tantance ɗalibai. Bana ya sake biyan kuɗin jarrabawa daga cinikin shayi, yana taya mahaifinsa soya ƙwai da dare, da rana kuma yana bitar littattafansa a kan bencin shagon.